Kurciyar da Doka Ta Makara Wajen Ceto

A ganina, mai son sanin asalin dokokin farautar tsuntsaye a Amurka sai ya faro daga labarin wata kurciyar daji. A da, in garkenta ya taso har rana yakan rufe, maharba kuwa sukan cika taragun jirgin ƙasa da namanta su kai birane. A 1857 aka kawo batun kare ta a majalisar jihar Ohio, kwamiti ya ce ai yawanta ya wuce a ji mata tsoro. Ran 1 ga Satumba, 1914, ta ƙarshe ta mutu a gidan namun daji na Cincinnati.

Kafin nan an ɗan farga, domin a 1903 Shugaba Theodore Roosevelt ya keɓe tsibirin Pelican ya zama mafakar tsuntsaye. Amma dokar 1918 na fi ɗauka da muhimmanci, don ita ta hana sayar da tsuntsaye masu ƙaura, watau ta kashe kasuwar da ta cinye kurciyar nan. Aka taƙaita lokacin farauta zuwa wata uku da rabi, aka ƙayyade wa maharbi agwagin daji 25 a rana. Ashirin da biyar fa! Yanzu adadin ya koma shida ko bakwai.