Tsutsar Masara: Sunan da Ya Zo da Yanayin Wata Ƙasa

Manomin masara a Ƙaraye ko Rogo ya san tsutsar da ke shiga tsakiyar ganye ta ci, ta bar kashi kamar dusa. Abin da ba kasafai ake haɗa ta da shi ba shi ne uwarta, wani ɗan malam-buɗe-littafi mai launin toka-toka wanda ba ya tashi sai dare. Yana iya cin kilomita 100 a dare guda in iska ta taimaka masa, macen kuma takan zuba ƙwai wajen 1,000 kafin ta mutu. Asalinsa nahiyar Amurka ne. A farkon 2016 masana a cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullarsa a Nijeriya, daga nan ya kai Indiya a 2018, Sin a 2019, Ostareliya a 2020.

Sunansa na kimiyya Spodoptera frugiperda. Bature ɗan Ingila James Edward Smith ne ya fara bayyana shi a 1797, bisa zane-zanen da John Abbot ya yi a jihar Jojiya, kalmar ta biyu kuwa da Latin na nufin mai ɓarnata amfani. Wannan suna ya yi daidai a ko'ina. Wanda nake da ja a kansa shi ne na Turanci, fall armyworm, wato tsutsar da ke tafiya runduna-runduna da kaka.

Dalilin saka kaka a ciki na Amurka ne kaɗai. Ƙwaron ba ya jure sanyi mai tsanani, ba ya kuma kwantawa a ƙasa ya jira wucewarsa. Hunturu kan hallaka shi a arewacin ƙasar, sai waɗanda suka tsira a kudancin Fulorida da Tekzas su hayayyafa, su yi ta ƙaura arewa zuriya bayan zuriya, su isa can da kaka. Sunan ya rubuta lokacin isowar baƙo ne.

A yammacin Kano kuwa ba baƙon kaka ba ne. Sanyin hunturunmu bai kai ya kashe shi ba, kuma cikin zafi zuriya guda kan kammala a kusan kwana 30. Ga madatsar ruwan Challawa a ƙasar Ƙaraye, inda ake noman rani. Masarar rani na iya riƙe shi har damina ta faɗi, ya tarar da sabuwar shuka. Duk wanda ya fassara sunan kai tsaye ya ce tsutsar kaka, ya sa manomi jiran ta a lokacin da ɓarna ta riga ta auku, alhali masara ƙarama ce ta fi shan wahala.

Don haka nake ganin sunan da manoma ke kiranta da shi, tsutsar masara, ya fi dacewa da mu, ko da yake tana taɓa dawa ma. Abin da ya rage ga malaman gona da masu shirye-shiryen noma a rediyo shi ne su haɗa sunan da alamunta, wato ɗigo huɗu baƙaƙe kusa da wutsiya, su kuma nuna wa manomi tarin ƙwan a jikin ganye. A fara duba gona tun makon da masara ta tsiro, rani da damina.