3.2 Cibiyar IEA ta Landan da Zargin Farfaganda

A wannan sashe za a duba ɗaya daga cikin tsofaffin cibiyoyin da ke fafutukar a sakar wa kasuwa mara, gwamnati kuma ta tsame hannunta daga harkokin ciniki, wato cibiyar nazarin tattalin arziki ta IEA da ke Landan. Manufar ita ce a gano dalilin da ya sa wasu manazarta ke ɗari-ɗari da binciken irin waɗannan cibiyoyi.

Antony Fisher, wanda ya yi arziki da kiwon kaji, shi ya kafa cibiyar a shekarar 1955. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya so shiga siyasa, sai masanin tattalin arziki Friedrich Hayek ya ba shi shawarar ya bar wannan tunani, ya himmatu wajen jawo hankalin malamai da marubuta, domin su ne ke sarrafa ra'ayin jama'a. Ke nan tun ran gini tun ran zane: aƙidar ce aka fara tsayarwa, sannan aka shiga nemo mata hujja. Kwalliya ta biya kuɗin sabulu a 1979, lokacin da Margaret Thatcher ta hau mulki ta rungumi manufofin cibiyar. A 1981 kuma Fisher ya kafa gidauniyar Atlas domin yaɗa irin waɗannan cibiyoyi a duniya.

Babban abin da ya ƙarfafa zargin shi ne batun kuɗi. An yi wa cibiyar rajista a matsayin ƙungiyar ilimantarwa, amma ba ta fitar da cikakken jerin masu ba ta gudummawa. A 2013 ta bayyana cewa manyan kamfanonin taba, ciki har da Philip Morris, suna ba ta kuɗi, a daidai lokacin da take sukar shirin hana ƙawata kwalin sigari. Duk da sukar, dokar ta fara aiki a Birtaniya a 2016.

Ita dai cibiyar ta dage cewa masu ba da gudummawa ba su da ta cewa a sakamakon bincikenta. Sai dai masu suka na ganin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A taƙaice, muddin aka ɓoye mai biyan kuɗin bincike, mai karatu ba shi da hanyar tantance inda ilimi ya tsaya da inda talla ta fara.