Yadda kamfani ke kafa kwamitin zaɓen manhajar gudanar da kasuwanci

Manhajar gudanar da kasuwanci, wadda ake kira ERP a turance, PGI kuma a faransanci, tsari ne na kwamfuta da ke haɗa lissafin kuɗi da saye da sayarwa da ajiyar kaya da albashin ma'aikata wuri guda. Idan aka fitar da buhu ɗari na shinkafa daga sito, nan take adadin kayan zai ragu, bashin mai saye ya shiga littafi, akanta kuma ya gani ba sai an kai masa takarda ba. Cikin sanannun manhajojin akwai SAP ta Jamus, Sage ta Ingila, Odoo ta Beljiyam, da Dolibarr wadda ake samu kyauta. Kamfani yakan yi shekaru da abin da ya zaɓa, kuma sauya shi na cin kuɗi da lokaci. Shi ya sa ba a barin zaɓen a hannun mutum ɗaya, sai a kafa masa kwamiti.

Su wa ke shiga kwamitin

Na farko shi ne uban aikin: mai kamfanin ko wani babban darakta da ke da ikon sakin kuɗi da raba gardama. Na biyu jagora ne mai bin aikin yau da gobe, wanda za a rage wa sauran ayyukansa domin ya samu sarari. Sai wakili daga kowane sashe da manhajar za ta shafa: akanta, mai kula da sito, mai sayayya, mai sayarwa, da mai kula da ma'aikata. Masanin kwamfuta yana ciki, amma aikinsa duba na'urori da tsaro da intanet ne, ba yanke wa sauran hukunci ba.

An fi son kwamiti ƙarami, wanda za a iya tarawa duk mako. An kuma fi son wakilin da hannunsa ke cikin aikin kullum a kan wanda muƙaminsa kawai ya kai shi. Mai riƙe da makullin sito ya san inda lissafi ke ɓacewa fiye da shugabansa.

Abin da kwamitin ke fara yi

Kafin a gayyaci kowane mai sayar da manhaja, kwamitin yakan rubuta yadda aiki ke gudana a yanzu, tun daga odar kaya har zuwa karɓar kuɗi. Daga nan ake fitar da kundin buƙatu, a raba shi biyu: abin da ya zama dole, da abin da in an samu an ji daɗi. Kowace buƙata a ba ta maki tun kafin a ga kayan kowa, don kada daɗin bakin dillali ya sauya ma'auni daga baya.

Labarin Lidl, babban kamfanin kantunan Jamus, darasi ne a nan. Ya fara aikin sabuwar manhaja a 2011, ya yi watsi da shi a 2018, bayan kashe kusan yuro miliyan 500 kamar yadda jaridun Jamus suka ruwaito. Ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne, kamfanin yana ƙiyasta kayansa da farashin sari, manhajar kuma an gina ta a kan farashin sayarwa. Maimakon kamfanin ya sauya al'adarsa, sai aka yi ta yi wa manhajar kwaskwarima har kuɗi suka wuce hankali. Irin wannan saɓani ne ake son kwamiti ya gano tun a takarda.

Buƙatun mai kasuwanci tsakanin iyakoki

Ga kamfanin da ke da rassa a Maraɗi da Kano, ko Garwa da Mubi, akwai tambayoyin da ba a tsallakewa. Nijar da Kamaru da Chadi da Benin suna cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka sa hannu a yarjejeniyarta a 1993, kuma tun 1 ga Janairun 2018 kamfanoninsu ke bin sabon tsarin lissafi na SYSCOHADA. Najeriya da Gana ba sa ciki. Saboda haka dole manhajar ta iya fitar da rahoton ƙarshen shekara bisa tsarin kowace ƙasa.

Haraji ma ya bambanta: TVA kashi 19 cikin ɗari ne a Nijar, 19.25 a Kamaru, 7.5 a Najeriya. Nijar da Benin kuma sun kawo tsarin rasit mai shaidar hukumar haraji, don haka a tabbatar manhajar za ta iya aiki da shi. Sefar Afirka ta Yamma da ta Afirka ta Tsakiya darajarsu ɗaya, 655.957 a kan yuro guda, amma kuɗi biyu ne daban a littafi. Naira kuwa farashinta na hawa da sauka, sai manhajar ta riƙa lissafa riba ko asarar canji. A kuma tambaya: in wuta ta ɗauke ko intanet ya yanke, reshe zai iya ci gaba da sayarwa? Allon yana magana da faransanci da turanci duka?

Gwaji da yanke shawara

Bayan an tace masu tayi zuwa biyu ko uku, kwamitin yakan ba kowannensu aiki iri ɗaya daga ainihin takardun kamfanin, misali kaya da aka saya da naira, aka biya musu kuɗin kwastan, aka sayar bashi da sefa. Ma'aikatan da za su yi amfani da manhajar su ne za su zauna gaban kwamfutar. A ziyarci wani kamfani da ya riga ya yi amfani da ita, ba tare da dillalin ba. Wajen lissafin tsada, a haɗa kuɗin lasisi da na girkawa da horar da ma'aikata da kwashe tsoffin bayanai da gyara na shekaru masu zuwa. A rubuta a yarjejeniya cewa bayanan mallakar kamfani ne, zai iya kwashe su ranar da ya so. Duk ɗan kwamitin da ke da dangantaka ko wata moriya da mai tayi ya faɗa tun farko, ya janye daga ba da maki.

Lokacin fara aiki da manhajar ma shawara ce ta kwamiti. A 1999 kamfanin cakulan Hershey na Amurka ya kunna sabon tsarinsa daidai lokacin da oda ke tururuwa gabanin bikin Halloween, ya kasa kai kayan kusan dala miliyan 100. Mai sayar da atamfa ko sukari ba zai zaɓi jajiberin azumi ko na salla ba, mai sayen hatsi kuma ba zai zaɓi kaka ba.

Kwamitin ba ya watsewa ranar da aka sa hannu. Wakilan sassan su ne ke zama malaman abokan aikinsu, su ne kuma ake fara nema idan lissafin sito da na akanta suka ƙi haɗuwa.