Kogon Toka: Inda Aka Tono Mutum Mai Shekara 13,000

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomin rake a Maƙarfi, wasu 'yan kasuwa daga Ikara da Kudan su ma sun aiko da irinta. Ya ce wai shin gaskiya ne akwai wani kogo a Nijeriya da aka tono ƙasusuwan mutanen farko? In akwai, yana ina, kuma mutum na iya zuwa ya gani?

To Malam, akwai shi, sai dai da ɗan gyara. Ba mutumin farko aka samu ba, amma duk Afirka ta Yamma ba a taɓa tono ƙasusuwan ɗan Adam da suka kai nasa daɗewa ba. Sunan wurin Iho Eleru, wasu kan rubuta Iwo Eleru, watau Kogon Toka da Yarbanci. Yana kusa da ƙauyen Isarun, ba nisa da Akure, a Jihar Ondo. Ba rami ne mai zurfi ba, wani ƙaton dutse ne ya yi rumfa, irin wanda makiyayi kan fake a ƙarƙashinsa in hadari ya taso.

Cikin 1965 ne wani Baturen Ingila, Thurstan Shaw, malami a Jami'ar Ibadan, ya haƙa wurin shi da jama'arsa. Sun sami dubban ɗaruruwan gutsattsarin duwatsu da mutanen da ke fasawa su yi wuƙa da bakin makami. Can ƙasa kuma suka tarar da ƙasusuwan mutum guda, an binne shi a takure.

Za ka ce, to yaya aka san shekarunsa? Gawayin da ke kewaye da shi aka fara aunawa. Kowane itace yana shan wani sinadari daga iska muddin yana raye. Da ya mutu sai sinadarin ya riƙa raguwa, rabinsa na tafiya duk shekara 5,730. Alal misali, mudu guda ya koma rabin mudu, rabin ya koma kwata. Gawayin ya nuna shekara 11,000 da 'yan kai. A 2011 aka auna ƙashin kansa ta wata hanya dabam, aka sami kimanin shekara 13,000. Abin da ya ba masana mamaki shi ne ƙoƙon kan dogo ne, goshin ya kwanta baya, ba kamar na mutanen yau ba. Har ila yau, da aka koma haƙa a 2019, an gano cewa mazauna kogon suna cin atili da kwakwar manja tun wajen shekara 10,000 da suka wuce.

Batun zuwa kuwa, hanya ce da fataken goro suka sani: Zariya, Kaduna, Abuja, Lakwaja, Okene, Owo, sai Akure. In ka isa Isarun, fara gaida sarkin garin ka nemi ɗan rakiya, don kogon a daji yake. Amma ka sani dutsen za ka gani, ƙasusuwan an kwashe su tuni domin bincike.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ka. Wannan dutse mai santsi da garma kan tono, wanda muke kira gatarin aradu, ba daga sama ya faɗo ba. Mutum ne ya wasa shi ya sari itace da shi tun ba a san ƙarfe ba. Kuma sau da yawa ba masani ke fara gano irin waɗannan abubuwa ba. Kan mutum-mutumin yumɓu na Nok, a nan kudancin Jihar Kaduna, sai da ya yi aikin korar tsuntsaye a gonar doya kafin ya kai hannun Bernard Fagg a 1943. Kazalika a 1987 wani Bafillatani yana haƙa rijiya a Dufuna, Jihar Yobe, ya ci karo da katako. Bai fasa shi ya yi makamashi ba, ya kai rahoto. Ashe kwalekwale ne mai shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka.

Saboda haka in kana kaftu a fadama ko haƙar ƙasar gini ka ga ƙashi, ko tsohuwar tukunya, ko toka a zurfi, dakata. Kada ka cire, kada ka wanke, domin zurfin da abin yake da gawayin da ke gefensa su ne shaidar shekarunsa. Da Shaw ya tarar an share tokar nan, da ba mu da labarin ba ka yau. Sanar da mai unguwa ko dagaci, su kai magana gidan tarihi na Kaduna ko Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. In dillali ya zo da 'yan kuɗinsa kada ka yarda, dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi ba da izini ba. Kuɗin a cin kasuwa ɗaya za su ƙare, abin kuwa in ya tsallaka teku da wuya jikokinka su gan shi.

Da fatan Malam ya gamsu. A ci gaba da aiko mana da tambayoyi.