Gurbin Tata: Salsalar Wani Gidan Agalawa

A daminar bara na ƙudiri niyyar rubuta salsalar gidanmu. Abin da ya zaburar da ni shi ne kakata ta wajen uba, wadda muke kira Hajiya Babba, ta fara mantuwa. Yau ta kira ni da sunan mahaifina, gobe da sunan ƙanenta da ya rasu tun ba a haife ni ba. Da yake rubuta manhajar kwamfuta ce sana'ata, sai na ɗauka aikin kwana biyu ne. Na tsara rumbun bayanai, kowane mutum da gurbi huɗu: suna, uba, uwa, garin haihuwa.

Wata Talata da la'asar, ana jiyo hayaniyar kasuwar Kawo daga tsakar gida, na zauna gefen tabarmarta da kwamfuta a cinya.

"Maigidana, me za ka yi da sunayen matattu? Cefane za su ba ka ka kawo mini?"

"Hajiya, don 'ya'yanmu su san inda suka fito."

Ta lissafo mini kakanni huɗu ba gargada, ta ce na huɗun a ƙasar Kano aka binne shi, kudu da birni. Na ce to uban wannan fa? Ta ce, "Daga nan sai Agalawa." Na tambaya ko sunan mutum ne. Ta yi dariya ta ce, "Mu ne Agalawan." Sai ta rage murya: "Amma ka bi a hankali. Garin tone-tone kaza ta tono wuƙar yanka ta."

Gidanmu ba mu da ko fallen takarda. Don haka na nemi gidan Agalawan da aka fi rubuta tarihinsa, ko na hango namu a cikinsa. Gidan kuwa kowa ya san shi, gidan Ɗantata ne.

Su wane ne Agalawa?

Agalawa a yau Hausawa ne, ba su da wani harshe sai Hausa. Amma tushensu arewa yake, wajen Azbin. Masanin tarihi Paul Lovejoy, wanda ya zagaya ƙasar Kano yana hira da tsofaffin fatake, ya kuma wallafa littafinsa kan cinikin goro a Zariya a 1980, ya nuna cewa Agalawa da Tokarawa sun fito ne daga cikin Bugaje, wato mutanen da ke ƙarƙashin manyan Azbinawa, da yawansu bayi ko 'yantattun bayi. Sun gangaro kudu sannu a hankali, suka fara zama a ƙasar Katsina. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da harkar kasuwanci ta karkata zuwa Kano, sai da yawansu suka sake ƙaura.

Abin lura shi ne yawancinsu ba cikin birni suka sauka ba. Ƙauyuka da ƙananan garuruwa suka nufa, irin su Madobi da Bebeji, inda akwai ƙasar noma da makiyayar jakuna. Baƙo ba ya zuwa da gona a ka. Sai ya je gaban mai gari, a yanka masa daji ya sare, ya biya kuɗin ƙasa, ya yi haƙuri da sunan baƙo har 'ya'yansa su tashi da harshen garin.

Nan na gane wuƙar da Hajiya take tsoro. A ƙasarmu, ranar neman aure ake binciken asali, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kalmar bawa, ko ta shekara ɗari biyu, tana iya dawo da goron tambaya.

Damina gona, rani Gwanja

Hanyar goro ta girmi Agalawa nesa ba kusa ba. Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15. Abin da Agalawa suka yi a ƙarni na 19 shi ne suka riƙe ta gam, tare da Tokarawa da Kambarin Barebari.

Rayuwarsu kashi biyu ce. Gida yana noma gero da dawa da auduga, da hannun mata da yara da barori da bayi. Idan an yi kaka, maza su ɗaura wa jakuna kanwa da tufafin rini da kayan fata, a haɗa ayari. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da biyan kuɗin hanya. A haye Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga, babbar kasuwar goro a arewacin Ghana ta yau. Zuwa da dawowa kan ci shekara, wani lokaci fiye. Goro kuwa ba ya son sakaci: a hanya sai an riƙa buɗe shi, ana tsince ruɓaɓɓe, ana yayyafa ruwa.

Gona ce jarin da ba ya nutsewa a kogi. In 'yan fashi sun tare ayari, rumbu yana nan. Wannan ya sa ba a iya fahimtar arzikin Agalawa daga birni kawai, sai an koma ƙauye.

Daga Katsina zuwa Koki

Salsalar gidan Ɗantata, kamar yadda aka fi ruwaito ta, ta fara ne da Baba Talatin, attajirin da ya taso da iyalinsa daga ƙasar Katsina ya zauna a Madobi. Ɗansa Abdullahi ya gaje shi har ya zama madugu. A 1877, ayarin Abdullahi ya yada zango a Bebeji kan hanyar Gwanja, nan matarsa Fatima, wadda ake kira Amarya, ta haifi ɗa namiji aka sa masa Alhassan. Da madugu ya dawo, sai ya mai da gidansa Bebeji ɗungurungum.

Ka duba yadda gurbina na "garin haihuwa" ya fara ruɗewa. Kaka mutumin Katsina, uba na Madobi, ɗa an haife shi a zango. Wanne ne garinsu?

Abdullahi ya rasu Alhassan bai kai shekara goma ba. Amarya, wadda ita ma 'yar kasuwa ce mai abin hannunta, ta tafi Ankara ta ƙasar Ghana. Ta bar yaran a Bebeji hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta riƙe Alhassan yana karatun allo, ana kuma cewa ita ta koya masa tattali da ajiya a asusu. Mutanen gari suka riƙa ce masa ɗan Tata, sunan ya bi shi.

Sai Basasa ta zo. Da Sarkin Kano Muhammadu Bello ya rasu a 1893, aka naɗa ɗansa Tukur, Yusufawa suka ƙi, ƙasa ta kama da wuta har Alu ya shiga birni a 1894. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ta ce Agalawa sun goyi bayan Tukur, kuma Alhassan yana cikin waɗanda aka kama a matsayin ganima, sai daga baya ya samu fansa. Ɗan madugu, wanda baiwa ta rena, shi ma ya ɗanɗani bauta. A wancan zamani, tsakanin ɗa da bawa faɗuwar yaƙi ɗaya ce.

Daga nan ya bi sawun mahaifiyarsa zuwa bakin teku, ya shiga cinikin goro, ya kuma gane cewa jirgin ruwa daga Ankara zuwa Ikko ya fi jaki sauri. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, kamfanonin Turawa suka buɗe cinikin gyaɗa, sai suka rasa wanda ya san manoma. Agalawa kuwa 'yan'uwansu ne ke ƙauyukan. Alhassan ya zauna a Kano, wajen Koki da Sarari, ya zama babban mai saya wa kamfani gyaɗa, yana raba kuɗi ga yaransa su shiga karkara tun kafin kaka. Zumuncin ƙauye da ya ɗauki ayarin goro shi ne ya tara dalar gyaɗa. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, labari ya shahara cewa ya kai ajiyar kuɗin azurfa kayan raƙumi 20. Ya rasu a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi cikin waɗanda suka fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma.

Sauran salsalar a bayyane take. Cikin 'ya'yansa akwai Ahmadu da Sanusi da Aminu, wanda aka haifa a 1931, ya rasu a watan Yuni na 2025 aka binne shi a Madina. Mariya 'yar Sanusi ita ta haifi Aliko Ɗangote a 1957.

Da na gwada shigar da wannan salsala cikin manhajata, kowa ya samu wuri. Baba Talatin ya shiga, Abdullahi ya shiga, Amarya ta shiga gurbin uwa. Mutum ɗaya ce ta rage a waje, Tata. Ba ta haifi Alhassan ba, ba ta auri ubansa ba, jininta bai shiga gidan ba. Amma sunanta ne a jikin kamfanoni da masallatai da makarantu. Wanda aka sani da madugu ya bar wa zuriyarsa dukiya da sana'a, baiwar da ba ta mallaki ko kanta ba ta bar musu suna.

Takarda da baki

Ba mu kaɗai ke wannan fama ba. Mutanen ƙasar Ailan sun watsu a duniya bayan yunwar dankali ta 1845 zuwa 1852, wadda ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya, ta kori wasu fiye da miliyan. Da yawa sun zama manoma a karkarar Amurka da Kanada. Jikokinsu na komawa neman tushe, sai su tarar da cewa gobarar da ta cinye ma'ajiyar takardun gwamnati a Dublin a 1922 ta tafi da yawancin takardun ƙidayar farkon ƙarni na 19. Dole suke komawa littattafan coci da duwatsun kaburbura. Ta irin wannan hanya aka gano cewa wani kakan Barack Obama na wajen uwa ya bar ƙauyen Moneygall a 1850, har Obama ya ziyarci ƙauyen a 2011.

Su takardunsu ne suka ƙone. Mu namu suna numfashi, suna cin tuwo, suna tsufa. Daga Kawo zuwa Gidan Arewa ko ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tafiyar 'yan mintuna ce, kuma akwai rahotannin haraji da na gundumomi da Turawa suka bari. Amma waɗannan takardu sun fi damuwa da hakimai da dagatai da yawan masu biyan haraji. Talakan da ya sari daji lamba ce kawai a cikinsu. Mace kuwa, balle baiwa, sai dai a bakin tsofaffi.

Akwai kuma wani abin da ya taɓa ni kai tsaye. A Kawo aka haife ni, nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya zo Kaduna cin rani da tiren goro, bai koma ba. Amma duk lokacin da aka nemi takardar shaidar asali, ƙaramar hukumar da ke ƙasar Kano ake tura ni, garin da ban kwana goma a cikinsa ba duk rayuwata. Can ɗin ma, kakannina baƙi ne da suka zo daga Katsina, a Katsina kuma baƙi ne daga Azbin. Bebeji ta karɓi jaririn da aka haifa a zango ta mai da shi ɗa. Kaduna, wadda ta zama hedikwatar Arewa a 1917 kuma baƙi suka cika ta daga ko'ina, har yau tana tambayar jikan baƙo daga ina ya zo.

Na koma wajen Hajiya Babba da labarin Tata. Ta yi shiru har na zaci barci ya ɗauke ta. Can ta ce:

"Mu ma muna da tamu. Ita ta goyi babana da uwarsa ta rasu a wajen haihuwa. Da Bature ya ce an 'yanta bayi, aka ce ta tafi, ta ce ina za ta ta bar ɗanta? A ɗakinta na koyi kaɗi."

"Me ya sa ba ki sa ta a lissafi ba, Hajiya?"

"Ai uba da uwa ka tambaye ni."

Ta faɗi sunan, na rubuta. Sannan ta ƙara da cewa auren zumunci aka yi musu da kakana, kakansu ɗaya. Wannan ma ya karya mini tsari, don na gina manhajar a kan zaton kowane reshe hanyarsa daban, alhali namu rassan suna rabuwa su sake haɗewa.

A daren na sake rubuta manhajar. Na bar mutum ɗaya ya iya fitowa ta hanya biyu. Na mai da garin haihuwa jerin garuruwa, don a ga tafiyar. Na ƙara gurbi na biyar, na sa masa suna "wadda ta rena shi".

Hajiya tana nan da ranta, amma a watan jiya na sake tambayar ta sunan matar, ta dube ni ta ce ba ta san wadda nake nufi ba. In kana da tsohuwa a gida, kada ka jira Sallah. Ka kunna rikodar wayarka yau, kuma bayan ka tambayi wa ya haifi wa, ka tambayi wa ya goyi wa.