Saƙarmu da Bangon Gine-ginenmu

Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, gini bai tsaya ba a garin nan. An yi sakatariya, an kafa Jami'ar Tarayya a 2011, an buɗe filin jirgin sama a 2014. To amma duk wanda ya shiga zaurukan sababbin gine-ginenmu ya ɗaga kai, abin da yakan gani a bango shi ne hoton shugabanni da kalanda, sai kuwa dardumar inji da aka sayo daga ƙetare. Da wuya ya ga abin da hannun masaƙinmu ya taɓa. Wannan abin mamaki ne ga ƙasar da saƙa ta taɓa ciyar da ita.

A ƙarni na 19 Dutse na cikin masarautar Kano, kuma tufafi su ne ƙashin bayan arzikin masarautar. Da Baturen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin ƙasar suna kaiwa Tambutu da Gat da Murzuk har Tarabulus. Ba cikin birni kaɗai ake wannan aiki ba. Manomi ya noma auduga, mata su gurje ta, su shiɓe, su kaɗa zare da mazari. Da rani ya yi masaƙa su yi wadari, su zauna a inuwa suna jefa ƙoshiya. Ƙauyuka irin namu ne suke cika kasuwa da fari da saƙi, kafin fatake su kwasa.

Cikin kayan masaƙa akwai waɗanda ba don sutura aka yi su ba. Luru, wanda maza ke saƙawa ƙwarya-ƙwarya da abawa mai kauri sannan a haɗa, shi ne ya fi kusa da abin da duniya ke kira saƙar ado a yau, domin kuwa zanensa a cikin saƙar yake, ba ɗinki ba ne, ba rini ba ne. Sai masaƙi ya ƙidaya zare a ka, yadda in an jera ƙwaryoyin zanen wannan zai haɗu da na waccan. Mata kuma suna saƙa gwado mai faɗi a masaƙarsu ta tsaye. Can ƙasar Mali, masaƙan Fulani suna yin arkilla da gashin tumaki, ana rataya ta a kan gadon amarya. Mu ma ɗakin amarya bai taɓa zama da bango tsirara ba, jeren faifai da ƙore da tasoshi shaida ne, haka nan zanen da ya ƙawata fadar Sarki a Garu.

Rushewar sana'ar ba dare ɗaya ta zo ba. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa sun sa ran kwasar auduga zuwa Ingila, sai suka tarar masaƙan gida sun fi su ba manomi kuɗi, manoma kuma suka koma gyaɗa. Abin da ya ci masaƙi a hankali shi ne yadin inji mai araha, na Turai da farko, sannan na masaƙun Kaduna da suka fara aiki a 1957, daga baya na Sin, wanda ya durƙusar da na Kadunan ma. Bargon kanti ya kori luru daga kan gado.

A nan ne labarin Sanagal yake da amfani gare mu. A 1966 Shugaba Senghor ya buɗe masaƙar kayan ado a garin Thiès, ya damƙa ta ga mai zane Papa Ibra Tall. Mai zane ya zana, masaƙi ya mayar da zanen saƙa, gwamnati ta saya ta rataya a fadar shugaban ƙasa da ofisoshin jakadanci, har aikinsu ya kai hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York. Ba mu ce a kwaikwaye su ido rufe ba: dabarar daga Faransa suka koyo ta, kuma da tallafin gwamnati ya ja baya bayan saukar Senghor a 1980, masaƙar ta sha wahala. Duk da haka sun gane abu guda, wato saƙar hannu ba za ta iya gasa da inji a kan riga ba, amma a bangon zaure ba ta da kishiya.

Mu ba sai mun aika kowa Faransa ba, tunda dabarar luru tamu ce. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai saye, kuma masu sanin aikin tsufa suke yi. A ganinmu ƙungiya irin tamu za ta iya farawa da neman tsofaffin masaƙan da suka rage a ƙauyukan Dutse da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, ta ba da aikin luru guda daidai faɗin bangon zauren taronta, ta biya kuɗin zare tun kafin a yi wadari, ta kuma sa sharaɗin kowane masaƙi ya zaunar da yaro ɗaya kusa da shi har a sauke aikin.