Asalin Kalmar "Dunce": Yadda Sunan Shehin Malami Ya Koma Sunan Daƙiƙi

An saba fassara kalmar Ingilishi "dunce" da daƙiƙi, watau ɗalibin da karatu ba ya zama a kansa. Fassarar ta dace, domin ta raba shi da wawa, wanda aibinsa a ɗabi'a yake, da kuma dolo, wanda wayo ne ya gaza masa. Sai dai tarihin kalmar ya yi hannun riga da ma'anarta.

Tushenta sunan John Duns Scotus ne, masanin falsafa da tauhidin Kirista, mutumin garin Duns a Sikotilan. Ya karantar a Oxford da Faris, ya amfana ƙwarai da littattafan Ibn Sina, ya rasu a Kolon ta Jamus a 1308. Ya shahara da tsefe hujja har zare-zare, kuma an yi kimanin shekara 200 ana karanta littattafansa a jami'o'in Turai.

A ƙarni na 16 aka sami masu sabon ilmi, waɗanda suka koma ga Girkanci da tsofaffin matanoni. Almajiran Duns suka ƙi bin su, su kuwa abokan hamayya suka mai da sunan shehin abin gori. A 1535 Richard Layton, wakilin Thomas Cromwell, ya sa aka kawar da littattafansa daga Oxford, har iska ta riƙa wasa da warƙoƙinsu a farfajiyar New College. Da farko kalmar tana nufin mai taurin kai a jayayya. Kafin ƙarnin ya ƙare ta koma nufin marar fahimta. A 1728 Alexander Pope ya gina waƙarsa ta zambo, Dunciad, a kanta. A ƙarni na 19 har hular takarda mai tsini ake kifa wa ɗalibin da ya kasa.

Hausa ma ta san irin wannan. Kalmar boko, kamar yadda Paul Newman ya bayyana a 2013, asalinta algus take nufi, kamar a "amaryar boko", kuma da ita aka yi wa karatun Nasara laƙabin raini. Bambancin shi ne, boko ta wanke kanta a bakin jama'a, sunan Duns kuwa bai wanku ba, ko da Fafaroma ya sanya shi cikin masu albarka a 1993. A duka biyun, gardamar makarantu ce ta yanke wa kalma hukunci.